Awa 70 tsakanin Sinja da Gadarif: nazarin lamarin wata budurwa da aka yi wa fyaɗe

An rubuta wannan ne domin ma'aikatan jinya da ungozomomi da 'yan sa-kai masu aiki cikin 'yan gudun hijira, da duk wanda wata rana zai iya zama mutum na farko da za a faɗa wa irin wannan magana. An sakaya sunan yarinyar da danginta da cibiyoyin lafiyar nan biyu, an kuma sauya wasu ƙananan abubuwa da za su iya sa a gane su.

Bahaushiya ce, shekarunta 20, haifaffiyar wani ƙauye kusa da Sinja a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, kuma an riga an sa mata rana bayan kaka. Hausawan wannan yanki ba baƙi ba ne. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi gabas da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, ga kuma zuriyar maniyyata da suka yada zango a hanyar Makka suka zauna. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, sannan a ƙarshen Yunin 2024 ya iso Sinja. Dubun-dubatar mutane suka nufi gabas ta Dindir zuwa Gadarif, damina na tsaka, ƙasar kuma baƙar laka ce mai riƙe taya.

Ranar wata Talata da la'asar, wajen ƙarfe 4, wasu mutane ɗauke da bindigogi suka tare babbar motar da iyalin ke ciki. Suka sauke kowa, suka karɓe wayoyi da kuɗi, suka ware mata biyu suka yi daji da su: ita da matar wani ɗan'uwanta. Bayan kamar awa ɗaya aka sako su. Ba ta san ko su waye ba, kuma hanyar a lokacin cike take da mayaƙa da ɓarayin da ke cin albarkacin yaƙi. A motar babu wanda ya tambaye su komai, su ma ba su ce uffan ba. Kowa ya sani, kowa ya kau da kai.

Daga wannan la'asar lissafi ya fara, ko da yake babu wanda ya san da shi a cikinsu. Magungunan da ke hana ƙwayar cutar HIV kama jiki bayan irin wannan abu, waɗanda ma'aikatan lafiya ke kira PEP, sai an fara su cikin awa 72, kuma gara awa ta 2 da ta 60. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa tana aiki har awa 120, amma ƙarfinta na raguwa kullum. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tana da amfani cikin kwana 14. Hujjar da ke jikin mutum kuwa, ƙwarzane da kumburi da abin da ya taɓa tufafi, tun daga daren farko take fara gushewa. Ga yarinyar nan, ƙofar farko za ta rufe ne ranar Juma'a da ƙarfe 4 na yamma.

Awa 50 na farko hanya ce ta cinye su. Motar ta kafe a laka ranar Laraba, suka kwana a wani ƙauye, a can ta samu ruwa ta yi wanka ta wanke tob ɗinta, wato mayafin da matan Sudan ke naɗawa. Sun shiga Gadarif ranar Alhamis da magariba, aka sauke su a wata makarantar firamare da aka mai da mazaunin 'yan gudun hijira, iyalai biyar a aji ɗaya. Cikin dare gwaggonta ta ji tana rawar ɗari, ta fita da ita bayan ajin.

"Gwaggo, marata ke ciwo," iyakar abin da ta fara faɗa ke nan.

"Na sani, 'yar nan. Gobe da sassafe za mu asibiti. Kada ki faɗa wa baffanki tukuna."

Cibiya ta farko

Da ƙarfe 8 na safiyar Juma'a, awa ta 64, suka isa wata cibiyar lafiya da raksha, wato babur mai ƙafa uku. Juma'a ranar hutu ce a Sudan, ma'aikata kaɗan ne a bakin aiki. A teburin yankan kati gwaggo ta rage murya ta ce 'yan bindiga sun taɓa yarinyar a hanya. Mai yankan katin bai yi musu wulaƙanci ba. Cikin tausayi ma ya ce musu wannan magana ce ta 'yan sanda, su je caji ofis su karɓo Urnik Tamanya, wato fom na 8, sannan likita zai duba ta.

Wannan jumla ɗaya ita ce ta kusa salwantar da komai, kuma ba daidai ba ce. Fom na 8 takarda ce ta 'yan sanda wadda likita ke cikawa idan rauni ya shafi laifi. An daɗe ana ɗauka cewa ba a taɓa wanda aka yi wa fyaɗe sai da ita. Amma tun 2004 da 2005, lokacin da rikicin Darfur ya tona illar wannan tsari, Ma'aikatar Shari'a ta Sudan ta fitar da umarni cewa ana iya yi wa mutum magani ba tare da fom ɗin ba. A lokacin shekara kusan 20 ke nan, amma umarnin bai isa teburin kati ba. Ana kiran likitoci da nas-nas horo, ba a kiran mai gadi da mai yankan kati, alhali su ne bakin ƙofa.

Gwaggo ba ta je caji ofis ba, kuma mai hankali ba zai ga laifinta ba. Takardun shaidar ɗan ƙasa na iyalin sun tafi da jakar da aka ƙwace. Bahaushen Sudan ya san tambayar da ke biyo bayan rashin takarda, kuma rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, wanda ya faɗa kan Hausawa, bai yi nisa a zukata ba. Ga kuma tsoron da ya fi wannan tsufa. Sashe na 149 na dokar laifuffuka ta 1991 ya cakuɗa ma'anar fyaɗe da ta zina, ta yadda macen da ta kai ƙara ta kasa kawo hujja za ta iya wayar gari ita ce abar tuhuma. An gyara sashen a 2015, aka raba biyun. Sai dai labarin tsohuwar dokar ya fi na gyaran yaɗuwa a tsakar gida, kuma cikin da ya bayyana ga mace marar aure yana nan a matsayin abin da ake iya kafa hujja da shi. Suka koma makaranta.

Awa biyar suka tafi a haka. Abin da ya cece su shi ne wata ungozoma Bahaushiya, ita ma 'yar gudun hijira, da ke taimakawa a takiyyar da ake dafa wa mazauna makarantar abinci. Ta lura yarinyar ba ta taɓa kwanonta ba, ta ja gwaggo gefe. Tambayarta ta farko ba "me ya faru" ba ce. "Yaya, wace rana ce, kuma da wane lokaci?" Da ta ji Talata da la'asar, ta ƙirga a yatsunta, ta ajiye ludayi, ta ce su tashi yanzu.

Cibiya ta biyu

Sun isa da ƙarfe 1 da rabi, maza na masallaci. Nas ɗin da ke aiki ta samu horo kan kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe bisa jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka sabunta a 2020, kuma a kabad ɗinta akwai kwalin magungunan bayan fyaɗe na asusun UNFPA mai kula da yawan al'umma, wanda ma'aikata suka sani da kwali na 3. Makullin kabad ɗin yana hannunta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a wurare da yawa kwalin yana sito, mai sito kuma ya tafi hutun Juma'a.

Ta shigar da yarinyar ɗaki mai ƙofa, ta tambaye ta wa take so ya zauna. Yarinyar tana jin Larabci sarai, amma da aka zo kan wannan magana bakinta ya koma Hausa, nas ɗin kuwa ba ta jin Hausa. Aka bar ungozoma ta yi tafinta, gwaggo ta jira a waje. An yi daidai da ba a sa 'yar'uwa tafinta ba, don akwai abin da yarinya ba za ta faɗa a gaban ƙanwar mahaifinta ba, akwai kuma wanda gwaggon za ta tace kafin ya fito. Amma ungozomar ma a makaranta ɗaya suke kwana, don haka sai da nas ɗin ta faɗa a gaban su biyun cewa abin da aka ji a ɗakin nan a nan zai tsaya.

Bisa tsari, ana fara jin labari, a duba jiki, sannan a ba da magani. Ita ta juya tsarin. Ta tabbatar babu zubar jini ko raunin da ke barazana ga rai, ta nemi izinin yarinyar, ta yi mata gwajin HIV na gaggawa da na ciki, duka biyun ba su nuna komai ba. Ƙarfe 2 daidai, awa ta 70, yarinyar ta haɗiye ƙwayar farko ta haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Sai ƙwayar levonorgestrel mai miligiram 1.5 ta hana ɗaukar ciki. Sai magungunan ciwon sanyi da dangoginsa, cefixime da azithromycin. Metronidazole kuwa ta ba ta a takarda ta ce sai gobe bayan ta ci abinci, don idan aka tara su duka a cikin da ya kwana biyu babu komai, amai zai zo, kuma idan ta yi amai cikin awa 2 sai an sake ba ta ƙwayar hana cikin. Ta sa aka kawo mata shayi da burodi. Aka yi mata allurar tetanus saboda ƙayar da ta yayyage mata ƙafa, da allurar farko ta ciwon hanta.

Sai da aka gama wannan ta zauna, ta ajiye biro, ta ce: "'Yata, ki faɗa yadda kike iyawa. Inda kika ga ba za ki iya ba, mu tsaya." Ba ta tambaye ta me ya sa ba ta yi ihu ba, ko me ya sa ta yi wanka. Da yarinyar ta ce da ta sani da ba ta zauna a bakin motar ba, nas ɗin ta ce mata laifin na wanda ya aikata ne, ba na wurin zama ba.

Duba jikin ya ɗauki lokaci, daga kai zuwa ƙafa, ana buɗe wuri ɗaya a rufe kafin a buɗe na gaba, kuma kowane mataki sai an ce mata ga abin da za a yi. A takardar da ke da zanen jikin mutum nas ɗin ta sa alama: shatin yatsu huɗu a damtsen hagu, kowanne ta auna shi da rula ta rubuta santimita da launinsa; ƙujewa a gwiwoyi biyu da ta fara ɓawo; kumburi a bayan kunnen dama; wani ɗan tsagewa a al'aura da ya fara haɗewa. Ba ta rubuta kwana nawa kowane rauni ya yi ba, don launin kumburi ba ya ba da kwanan wata tabbatacce, lauya mai wayo kuma da irin wannan zarce iyaka yake rusa takarda gaba ɗaya.

A nan gwaggo ta ƙwanƙwasa ƙofa. "Sista, don Allah ki duba mana, yarinyar nan an sa mata rana. Tana nan yadda take?" Nas ɗin ta fito, ta ja ƙofar, ta ce mata babu wani dubawa da ke nuna wannan, kuma ba za ta rubuta shi a takarda ba. Gwaggo ba ta ji daɗi ba. Amma gaskiyar ke nan: a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam da hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi kira a daina gwajin budurci, saboda ba shi da tushe a ilimin likitanci. Wannan ma na cikin abin da ake kuka da shi game da fom na 8: fili kaɗan ne, an kuma saba cika shi da maganar budurci da jini da maniyyi, sai a bar shatin yatsun da ke damtse, wanda shi ne ke ba da labarin ƙarfin da aka yi amfani da shi.

Batun tufafi ya zo da takaici. Tob ɗin an wanke. Siket ɗin ciki kuwa gwaggo ta ɓoye shi, wanda tunani ne mai kyau, sai dai ta ƙulle shi da danshinsa a baƙar leda, kwana uku cikin zafin damina. Da aka kwance, ya fara fumfuna. Tufafin hujja a inuwa ake shanya su, a sa kowanne a jakar takarda dabam, a liƙe, a rubuta suna da rana da wanda ya karɓa. Nas ɗin ta shanya shi a ɗakin, ta naɗe a takarda, ta ba yarinyar ta ajiye. Ba ta ɗauki samfuri da tsinken auduga ba. Wasu abokan aiki sun soki wannan, ni kuwa ina ganin ta yi daidai. An yi wanka, an kusa cika awa 72, manyan ɗakunan binciken 'yan sanda suna Khartum inda ake ɓarin wuta, kuma babu wata hanya amintacciya da samfurin zai bi daga hannu zuwa hannu har kotu. Ƙa'idar ita ce kada a ɗauki abin da ba za a iya bincikawa a yi amfani da shi ba. Sa mace ta sake jure wani abu a jikinta don auduga ta ruɓe a durowa ba aikin hujja ba ne.

Takardar shaida

Wannan reshe na jinya, inda nas ɗaya ke haɗa magani da tattara hujjar shari'a, ya fara ne a Amurka a shekarun 1970, a birane irin su Memfis, saboda mata na shafe awanni a ɗakin gaggawa suna jiran likitan da ba ya son shiga maganar kotu. A 1992 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu ta duniya. Mutane kan ɗauka aikin duk na gwajin ƙwayoyin halitta ne. A Gadarif ta 2024 kayan aikin su ne biro da rula da kabad mai kwaɗo.

Nas ɗin ta rubuta takardar shaida kwafi biyu. Ta sa rana da lokacin dubawa. Ta rubuta labarin da kalmomin yarinyar, tana farawa da "ta ce", ta kuma nuna cewa ta bakin tafinta aka ji shi. Inda yarinyar ta ce "masu bindiga", haka ta rubuta, ba ta ƙara sunan wani ɓangare ba, ko da yake duk wanda ke cibiyar yana da nasa zato. Ta jera raunukan. A ƙarshe ta rubuta cewa abin da ta gani ya yi daidai da abin da aka faɗa mata. Ba ta rubuta "an yi fyaɗe" ba, don wannan hukuncin alƙali ne. Da ma ba ta ga rauni ko ɗaya ba, ba za ta rubuta "ba a yi ba", domin mata da yawa ba sa fita da rauni, musamman idan bindiga ce a kansu.

Ta bayyana wa yarinyar cewa kai ƙara zaɓinta ne, yau ko bayan shekaru, kuma idan ta so, ana iya cika fom na 8 daga baya. Akwai giɓi a nan da bai kamata a ɓoye ba: bisa al'ada likita ke cika fom ɗin, don haka nauyin sa hannun nas a gaban alƙali ya dogara da alƙalin. Ƙasar da ta buɗe makarantar horar da ungozomomi a Omdurman tun 1921, wadda kuma a ƙauyukanta ungozoma da nas ne ke ganin mace kafin kowane likita, ya kamata a ce ta warware wannan tuntuni.

Yarinyar ta ce ba za ta riƙe takardar ba, don a aji ɗaya suke da baffanta da 'ya'yansa maza, babu akwati mai makulli. Aka bar kwafi biyun a cibiyar, da lamba maimakon suna a bangon fayil.

Bayan nan

PEP kwana 28 ne, kuma a nan ake yawan faɗuwa. An ba ta duka ƙwayoyin lokaci ɗaya, don ɗan gudun hijira ba ya da tabbacin inda zai kwana mako mai zuwa. Ungozoma ta juye su a kwalbar maganin ƙarin jini, don kada wani ya karanta kwali ya fara yaɗa cewa tana da ƙanjamau. Dabarar ta yi aiki, amma ta kusa jawo wata matsala, saboda a makarantar ana raba wa mata ƙwayar ƙarin jini ta gaske, sinadarin ƙarfen da ke cikinta kuma yana rage shigar dolutegravir jiki idan aka haɗa su ba tare da abinci ba. Ungozomar ta raba musu lokaci, ɗaya da safe ɗaya da dare.

Baffan ya ji a mako na biyu. Bai yi faɗa ba, ya dai ce magana ta mutu a nan, Allah ya rufa asiri, kuma babu mai sake zuwa asibiti. Ziyarar mako biyu ta wuce a haka. Ungozoma ce ta riƙa bibiya a bakin murhun takiyya. Al'adar yarinyar ta zo a mako na uku. Ta shanye ƙwayoyin. A wata na uku gwaggo ta fita da ita da sunan zuwa kasuwa, aka sake gwajin HIV, bai nuna komai ba. Allurar ciwon hanta ta biyu ba a same ta a kan lokaci ba, don ta ƙare a cibiyar. Barci har lokacin bai dawo mata daidai ba, ƙarar babbar mota na sa ta firgita, kuma mai ba da shawara kan damuwa guda ɗaya ce ga makarantu da dama. An ɗaga bikin. Ba a kai ƙara ba.

Ba ta cikin kowace ƙididdiga da aka buga da suna, kuma haka mafi yawansu suke. A Maris 2025 asusun UNICEF ya ce an rubuta fyaɗe 221 da aka yi wa yara a Sudan tun farkon 2024, 16 daga cikinsu ba su kai shekara 5 ba, ya kuma ce wannan ɗan kaɗan ne daga abin da ke faruwa. Sashen gwamnati mai yaƙi da cin zarafin mata, wanda Sulaima Ishaq ke jagoranta a lokacin, shi ma ya sha faɗin cewa abin da ke isowa gare shi bai kai ko kusa da gaskiyar adadin ba.

Saura matar ɗan'uwan, wadda aka shiga daji da su tare. Ita mijinta na cikin motar a ranar, kuma bai ƙara yi mata magana ba sai ta dole. Ba ta bi su ranar Juma'ar ba. Sai a kwana na 9 ta zo, bayan yarinyar ta faɗa mata cewa Sistar ba ta tambayar abin kunya. PEP ya wuce ta, ƙwayar hana ciki ma haka. An yi mata maganin ciwon sanyi, don ta zo da alamunsa, an yi mata allurar ciwon hanta da ta tetanus, an rubuta mata takardar shaida da ragowar tabon da ke wuyan hannunta. Gwajin ciki a ranar bai nuna komai ba, amma ya yi wuri a dogara da shi, sai aka ce ta dawo bayan mako biyu. Nas ɗin ta sanar da ita cewa sashe na 135 na dokar 1991 ya halatta zubar da cikin fyaɗe cikin kwana 90 idan matar ta nema, kuma neman izinin yakan bi ta ofishin mai gabatar da ƙara ya ci makonni, don haka kada ta yi jinkiri idan al'adarta ta ƙi zuwa. Kafin ranar dawowar, mijin ya kwashe iyalinsa zuwa Kasala. Lambar wayar da ta bari ta maƙwabciya ce, maƙwabciyar kuma ta ce ba su bar adireshi ba.